Kowa Ya Haddace Ayar Ɗan'uwansa: Miji da Mata a Koyarwar Kirista

Duk wanda ya saba zuwa ɗaurin aure a coci ya san wurin da ake jira. Mai wa'azi zai buɗe Afisawa sura 5, ya gyara murya, ya karanta aya ta 22 inda aka ce matan aure su yi biyayya ga mazansu kamar ga Ubangiji. Kafin ya rufe baki "Amin" ta tashi daga bakin maza, da ƙarfi, har da masu zungurar na kusa da su. Amarya ta sunkuyar da kai, ango yana danne murmushi. Bayan ayoyi uku sai a iso inda aka ce maza su ƙaunaci matansu kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya har ya ba da ransa dominta. Nan ma a ji "Amin", sai dai muryoyin sun canja, yanzu na mata ne. Kowa ya koma gida da aya guda a baki, kuma da wuya ta zama tasa. Miji ya haddace abin da aka faɗa wa mata, mata ta haddace abin da aka faɗa wa miji. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Yawancin rikicin da ake yi da sunan wannan koyarwa daga nan yake tasowa, tun kafin a kai ga gardamar malaman tauhidi. Gardamar tana nan, ta gaske ce, za mu zo kanta. Amma gara a fara duba abin da ke kan takardar.

Manzo Bulus, mai wasiƙar Afisawa, bai rubuta wasiƙa da lambobi ba. Rabon surori ya zo ne a farkon ƙarni na 13, ana danganta shi da Stephen Langton, wanda ya zama babban limamin Kantabiri a Ingila. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai buga littattafai, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Kanun da muke gani da rubutu mai kauri a tsakiyar sura, irin su "Mata da Miji", su ma aikin masu bugawa ne. Bugu da yawa sun dasa wannan kan tsakanin aya ta 21 da ta 22, wuƙar kuwa ta faɗa a kan gaɓa. A wasu daga cikin kwafi mafi tsufa na Girkanci, ciki har da wanda masana ke kira P46, na wajen shekara ta 200, da kundin Batikan na ƙarni na 4, aya ta 22 ba ta da aikatau ko ɗaya. Abin da ke ciki shi ne: mata, ga mazajenku, kamar ga Ubangiji. Mata su yi me? Sai ka ɗaga ido zuwa aya ta 21 kafin ka samo amsa, inda aka ce wa dukan masu bi su riƙa miƙa kai ga juna saboda tsoron Almasihu. Ita ma aya ta 21 a rataye take a jikin ta 18, wadda ta ce a cika da Ruhu, sannan ta jero alamomin cikar: waƙa, godiya, miƙa kai ga juna. Wato ayar da ake fara wa'azin aure da ita wutsiyar jimla ce, kuma kalmar da mazan ke yi wa "Amin" aro aka yi daga ayar da ta haɗa da su.

Akwai wani bambanci kuma da bakinmu ke haɗiyewa. Da abin da aka nema ga mata, da abin da aka nema ga 'ya'ya da bayi a sura ta 6, duka "biyayya" muke cewa. A Girkancin kalmomi biyu ne. Ta 'ya'ya da bayi tana nufin jin magana da bin umarni. Ta matan aure tana nufin mutum ya sanya kansa ƙarƙashin wani tsari, kuma siffar da aka kawo ta tana nuna cewa mai yin ne ke yi da kansa. Kada a ja wannan da nisa, domin Bitrus ya yi amfani da waccan kalma ta jin magana sa'ad da ya ba da misalin Saratu da Ibrahim. Abin da ba ya canjawa ko a Afisawa, ko a Kolosiyawa 3, ko a wasiƙar Bitrus ta fari, shi ne wanda ake wa magana. Matar ake wa magana. Babu aya ɗaya a Sabon Alkawari da ta ce wa miji ya sa matarsa ta yi biyayya, balle ta ba shi sandar tilastawa. Mijin da ya ɗauki aya ta 22 yana kaɗa wa matarsa a fuska ya buɗe saƙon da ba a aiko masa ba.

Masu sauraron farko ba su ji wani sabon abu ba da aka ce mata su bi mazansu. Duniyarsu ke nan. Fiye da shekara 300 kafin haihuwar Almasihu, Aristotul ya raba gida kashi uku, ubangida da bawa, miji da mata, uba da 'ya'ya, ya ce namiji bisa halitta shi ne mai mulki, mace abar mulka. Dokar Roma ta ba maigida iko mai faɗi a kan 'ya'yansa da bayinsa. Bulus ya ɗauki wannan rabo ukun kamar yadda yake, amma ya yi abu biyu da shi. Ya fara da yi wa na ƙasa magana kai tsaye, a matsayin masu hankali da za su amsa a gaban Ubangiji da kansu. Sannan ya juya kan maigida, wanda ya saba jin ana koya masa yadda zai mulki gida, ya hana shi kalmar mulki gaba ɗaya. Ayoyi uku aka yi wa mata, daga 22 zuwa 24. Daga 25 zuwa 33 kusan duka na miji ne, kuma sau uku aka maimaita masa umarni guda: ka ƙaunace ta. Marubutan Girka da Roma ma sun san miji ya kyautata wa matarsa, ba a nan sabon abin yake ba. Sabon abin shi ne ma'aunin da aka kafa. An auna miji da mutumin da aka gicciye.

A nan ya kamata wa'azi ya daɗe, a nan kuma yake yawan yin sauri. "Kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya" magana ce da aka saba ji har ta daina cizo. A mayar da ita inda ta fito. Daren da za a ba da shi, Yesu ya tashi daga cin abinci, ya tuɓe mayafinsa, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro, ya durƙusa yana wanke ƙafafun mutum goma sha biyu da suka wuni cikin ƙura. Aikin bawa mafi ƙanƙanta ne a gidan wancan zamani, shi ya sa Bitrus ya janye ƙafarsa. A cikin ƙafafun har da na wanda zai sayar da shi. Shi ne kuma ya faɗa wa almajiransa, a Markus sura 10, cewa masu mulkin al'ummai suna nuna wa mutanensu isa, amma a tsakaninsu ba haka zai zama ba. Idan miji kan matarsa ne kamar yadda Almasihu yake kan ikilisiya, yadda aya ta 23 ta faɗa, to irin wannan shugabanci aka miƙa masa. Kalmomin da Afisawa ta zaɓa wa aikin nasa ma abin lura ne: wankewa, kawar da tabo da tamoji, ciyarwa, reno. Wasu masana sun lura cewa waɗannan ayyukan cikin gida ne, irin waɗanda a lokacin mata da barori ke yi. Babba juji ne, in ji masu iya magana, kuma da alama Bulus ba zai yi musu gardama ba.

Yahaya Kirisostom, mai wa'azin Antakiya da aka yi wa laƙabi da mai bakin zinariya, wanda ya rasu a 407, bai taɓa shakkar cewa miji ne kan gida ba. Amma a wa'azinsa a kan wannan sura ya tambayi maza: kana so matarka ta bi ka yadda ikilisiya ke bin Almasihu? To ka kula da ita yadda Almasihu ke kula da ikilisiya, ko da za a yi gunduwa-gunduwa da kai saboda ita. Ya ce bawa ma da aka ɗaure da tsoro wata rana zai gudu, balle abokiyar rayuwa, uwar 'ya'yanka. Wane irin aure ne wannan, in ji shi, da mace za ta riƙa makyarkyata in ta ga mijinta? Wannan maganar ƙarni na 4 ce, ta bakin mutumin da babu mai zarginsa da kwaikwayon zamani.

Tushen dukan maganar yana Farawa, kuma kowane ɓangare can yake komawa. Sura ta fari ta ce namiji da mace aka halitta cikin siffar Allah, su biyu aka sa wa albarka, su biyu aka ba mallakar duniya. Sura ta biyu ta kira macen mataimakiya da ta dace da shi. Kunnenmu in ya ji "mataimaki" sai ya hango na biyu a ofis, mai riƙe jaka. Kalmar Ibranancin, ezer, ta zo sau 21 a Tsohon Alkawari, kuma a mafi yawan wuraren Allah ake nufi. Ita ce a Zabura 121, inda mai waƙa ya ɗaga ido ga tuddai yana tambayar ina taimakonsa zai fito. Taimakon mai ƙarfi ne ga wanda ya kasa shi kaɗai. Kalmar ba ta ɗora mace sama da namiji ba, ba ta kuma sa ta ƙasa ba. Wurin da aka fara cewa miji zai mallaki matarsa shi ne Farawa 3:16, bayan zunubi, a jere ɗaya da naƙuda mai zafi, da ƙaya da sarƙaƙiya, da cin abinci da gumin goshi. Ban taɓa ganin manomin da ya ƙi yin noma don Allah ya ce ƙasa za ta fid da ƙaya ba. Abin mamaki, sai wannan rabin ayar kaɗai wasu ke karantawa a matsayin doka.

Daga nan hanya ta rabu. A cikin Furotestan masu riƙe da ikon Littafi Mai Tsarki, rabuwar ta fito fili a Amurka a ƙarshen shekarun 1980. A 1987 wasu malamai suka tsara Sanarwar Danvers, wadda ta ce namiji da mace daidai suke a daraja amma Allah ya bambanta aikinsu tun kafin faɗuwar Adamu da Hawwa'u cikin zunubi, miji ya yi jagora cikin ƙauna da tawali'u, mata ta bi da yardar rai da basira. John Piper da Wayne Grudem na cikin fitattunsu. A kira su masu ra'ayin cikon juna. Kusan lokaci guda wata ƙungiya ta kafu a ɗaya gefen, ta fitar da tata sanarwar a 1989, tana cewa fifikon miji sakamakon faɗuwa ne, kuma cikin Almasihu aure haɗin gwiwa ne na mutum biyu masu miƙa kai ga juna. Su ne masu ra'ayin daidaito. Dukansu suna cewa Littafi Mai Tsarki maganar Allah ce. Wannan ya cancanci a faɗa, domin kowane gefe yana da al'adar zana ɗayan da baƙin gawayi, waɗannan masu danne mata, waɗancan masu jefar da Nassi.

An zubar da tawada mai yawa a kan kalma guda ta Girkanci, kefale, wato kai, wadda Bulus ya kira miji da ita. Masu daidaito suka ce a Girkanci tana iya nufin mafari, yadda ake cewa kan kogi, kuma a Korintiyawa ta fari sura 11 Bulus da kansa ya yi maganar mace ta fito daga namiji, namiji kuma ta wurin mace ake haihuwarsa. Grudem ya amsa a 1985 da binciken wurare 2,336 da kalmar ta fito a rubuce-rubucen Girkanci, ya ce ma'anar shugabanci tabbatacciya ce, ta mafari kuwa ba ta da ƙafa. Aka yi ta mayar da martani shekara da shekaru. A ganina masu cikon juna sun fi ƙarfi a nan. Da wuya a karanta cewa Almasihu kan ikilisiya ne kuma ikilisiya tana miƙa kai gare shi, a ce babu ƙamshin shugabanci a ciki. Suna da gaskiya kuma da suke cewa babu inda aka ambaci miji da suna aka ce ya miƙa kai ga matarsa. Amma cin wannan gardama bai kai su inda wasu mabiyansu ke zato ba, domin ayar da ta kira miji kai ita ce ta fassara kanta nan take da kalmar Mai Ceto, sannan ta bi da ba da rai. Kuma hoton da Bulus ya fi nacewa a kai shi ne kai da jiki abu ɗaya ne: wanda ya ƙaunaci matarsa kansa ya ƙaunata, ba wanda ya taɓa ƙin naman jikinsa.

Inda masu daidaito suka fi matsa lamba shi ne batun bayi. Jerin da ya ce mata su miƙa kai shi ne ya ce bayi su bi iyayengijinsu, kuma a ƙarni na 19 masu kare bauta a Amurka da Afisawa 6:5 suka riƙa kafa hujja. Babban taron Baptis na kudancin Amurka ya kafu ne a 1845 a kan rikicin bauta, ya nemi gafara a 1995, sannan a 1998 ya ƙara wa bayanin bangaskiyarsa sashen da ya ce mata ta miƙa kai da alheri ga shugabancin hidima na mijinta. Sai masu daidaito suka ce, idan an yarda waccan ayar tana magana ne da tsarin zamaninta, me ya raba ta da maƙwabciyarta? Amsar ɗaya gefen tana da nauyi: Bulus bai taɓa jingina bauta ga halitta ba, amma aure ya jingina shi ga Farawa 2:24 da kuma asirin Almasihu da ikilisiya. Har yau a nan igiyar ta tsaya, kowa yana ja.

Akwai nassin da ba a cika karantawa ranar aure ba, alhali shi ne ya fi shiga cikin ɗaki. A Korintiyawa ta fari sura 7 Bulus ya yi amfani da kalmar iko ƙarara tsakanin ma'aurata. Ya ce matar ba ta da iko da jikinta, sai mijin. Duk namijin Korinti zai gyaɗa kai. Sai ya ƙarasa: haka ma mijin ba shi da iko da jikinsa, sai matar. Ya ƙara da cewa ko don addu'a za su ƙaurace wa juna, sai da yardar su biyu, na ɗan lokaci. A lura da wannan. Abu ne na ruhaniya, irin wanda za a zata shugaban gida zai yanke shi kaɗai, amma an hana shi yankewa shi kaɗai.

Ita ma Bitrus ta fari sura 3 akan yanko ta daga muhallinta. Matan da yake yi wa magana da yawansu mazansu ba masu bi ba ne. Fulutak, marubucin Girka na wancan zamani, ya shawarci amarya ta bauta wa allolin mijinta kaɗai, ta rufe ƙofa ga duk wani addini. Ke nan macen da ta karɓi bishara ba tare da mijinta ba ta riga ta saɓa masa a babban abu, kuma Bitrus bai ce ta koma ba. Ya koya mata yadda za ta riƙe bangaskiyarta a gidan da ba a maraba da ita, ta rinjayi mijin da hali ba da yawan magana ba, ba tare da barin wata barazana ta firgita ta ba. Ga mazan kuma ya ce su girmama matansu a matsayin abokan gādon alherin rai, don kada addu'arsu ta toshe. Ya rataya addu'ar namiji a kan yadda yake riƙe matarsa.

Manyan ikilisiyoyi ma ba su tsaya wuri ɗaya ba. Fafaroma Pius na 11, a wasiƙarsa ta 1930 a kan aure, ya ce miji ne kai, mata ce zuciya, kuma biyayyarta ba ta mai da ita ƙaramar yarinya ba. John Paul na 2 a 1988 ya karanta Afisawa 5 daga aya ta 21, ya ce tsakanin Almasihu da ikilisiya miƙa kan na gefe ɗaya ne, amma tsakanin miji da mata na juna ne. A wajen Angilikan, littafin addu'a na 1662 ya sa amarya ta yi alkawarin biyayya, ango kuma ya ce ya mallaka mata dukan dukiyarsa ta duniya. Rabin farko aka fi tunawa. Gimbiya Elizabeth ta Ingila ta furta kalmar biyayya ga angonta Philip a 1947, shi kuma a 1953, ranar naɗinta sarauniya, ya durƙusa a gabanta ya yi mubaya'a. Diana, wadda ta auri ɗansu Charles, ta bar kalmar ranar aurenta a 1981. Ga mai son ya ga yadda matsayi a gida da matsayi a waje ke iya saɓawa, misali ya ishe shi.

Batun wa zai nemo kuɗi, wa zai shiga kicin, ba sai an daɗe a kai ba, domin Nassi bai daɗe ba. Titus 2 ta ce matasan mata su kula da gidajensu. Macen kirki ta Karin Magana 31 kuwa tana duba gona ta saya, tana dasa inabi da ribar hannunta, tana sayar wa fatake tufafi, tana da ma'aikata. Lidiya 'yar kasuwa ce. Luka 8 ta ce mata ne suka riƙa ɗaukar nauyin hidimar Yesu daga abin hannunsu. Ayar Timoti ta fari 5:8, wadda ake cewa ta ɗora ciyarwa a kan namiji, tana cikin maganar kula da gwauraye ne, kuma da "kowa" ta fara. Yawancin abin da ake kira aikin mace ko aikin namiji al'ada ce ta raba, ta kuma sa masa rigar aya.

Yanzu wurin da abin ya daina zama gardamar malamai. Mace ta shigo ofishin fasto da mayafi ta rufe rabin fuska. Ta zauna a bakin kujera, ta ce, "Baba Fasto, jiya ma ya sake." Ya dubi kumburin, ya kau da ido, ya ce, "Ki yi haƙuri, 'yata. Ki ƙara biyayya, ki ƙara addu'a, Allah zai taɓa zuciyarsa." Ta ce to, ta tashi. Yana ganin ya ceci aure. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki ayar da aka rubuta wa matar ya ɗora mata, ya bar ayoyi tara da aka rubuta wa mijin a rufe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kashi 27 cikin 100 na matan da suka taɓa zama da namiji, 'yan shekara 15 zuwa 49, sun sha duka ko tilas daga gare shi. Adadin na duniya ne baki ɗaya, bai ware addini ba, kuma babu dalilin zaton kujerun coci sun tsira.

A nan babu gefe biyu. Sanarwar Danvers da kanta ta ce babu wata biyayya ga ɗan'adam, a gida ko a coci ko a gwamnati, da ke wajabta bin mutum cikin zunubi, ta kuma lissafa danniyar miji cikin ɓarnar da faɗuwa ta kawo. Dokar ikilisiyar Katolika, sashe na 1153, ta halatta rabuwar zama idan ɗaya ya jefa ɗayan ko 'ya'ya cikin babban haɗari na jiki ko na rai. Kolosiyawa ta hana miji ko da ɗacin hali. Labaran Littafi ma sun nuna iyakar. Safiratu ta goyi bayan mijinta Hananiya a kan ƙarya, Bitrus ya tambaye ta ita kaɗai, bayan wajen sa'a uku, kuma bin miji bai zame mata kariya ba. Abigel ta ji mijinta Nabal ya zagi mutanen Dawuda, ta ɗora gurasa 200 da tumaki biyar gyararru da sauran kaya a kan jakuna, ta fita ba ta faɗa masa ba, ta tare takobin da ke zuwa gidanta. Dawuda ya yabi hankalinta, ya gode wa Allah da ya aiko ta. Ko Ibrahim, wanda Saratu ke kira ubangiji, an taɓa ce masa ya saurari abin da ta faɗa.

To me ya rage na saɓani, in an cire duka, an cire tilas, an cire rabon aikin da al'ada ta yi? Abu ɗaya ne, ƙarami a baki, babba a aiki: wa ke da kalmar ƙarshe in an kasa daidaitawa. A ɗauki miji da aka ba ƙarin girma a wurin aiki, da sharaɗin ya koma wani gari mai nisa. Matar tana da nata aikin a nan, mahaifiyarta kuma tana kwance, ita ke jinya. Sun yi magana, sun yi addu'a, sun kwana a kai mako biyu. Ta ce, "Maigida, in mun tafi, wa zai juya Mama a kan gado?" Ya ce, "Maman yara, irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu." Ranar Litinin ake jiran amsa.

Mai ra'ayin daidaito zai ce kada ɗaya ya yanke, su nemi ƙarin lokaci, su nemi shawarar dattawa, in ta ƙure a bar wa wanda abin ya fi shafa ko ya fi sani. Raunin wannan a bayyane yake: Litinin ba ta jira, kuma ƙin yankewa ma yankewa ne. Mai ra'ayin cikon juna zai ce mijin ya yanke. Amma in mai gaskiya ne ga nassinsa, dole ya zaunar da shi ya tambaye shi wa zai biya kuɗin wannan shawara, shi ko ita. Idan duk lokacin da aka kai ga kalmar ƙarshe abin da mijin ke so tun farko ne ke fitowa, to ba aya ta 25 yake bi ba, son ransa ne ya sami aya. Na fi karkata ga cewa akwai wani nauyi na musamman da aka ɗora wa miji, domin nassin ya bambanta abin da ya faɗa wa kowa, kuma ba na jin daɗin fassarar da ke goge bambancin don a huta. Sai dai in na bi nauyin zuwa ƙarshensa, a wannan gida zai fi yiwuwa ya kai mijin ga rubuta wa ma'aikata cewa ba zai iya zuwa bana ba, sannan ya haɗiye maganar, kada ta zama abin gori duk ranar da kuɗi ya gaza.

Masu cikon juna suna da wata hujja da suke so ƙwarai. Suna cewa ko da yake Hawwa'u ce ta fara cin 'ya'yan itacen, da Allah ya shigo gonar Adamu ya fara kira, ya ce, "Ina kake?" Wannan, in ji su, ya nuna shi ne ke da alhakin gidan. Na yarda haka aka rubuta. Yana ɓoye a bayan itatuwa aka kira shi, kuma da aka tambaye shi ko ya ci, sai ya ce matar nan da ka ba ni, ita ta ba ni.